Yau zan ajiye kunyar 'yar fari

Wannan jawabin wata uwa ne, malamar firamare da ta yi ritaya, a wani taron iyaye mata da 'yan matan sakandare a Kano. Daga rikodin waya na kwafo shi, na bar maganarta yadda ta fito.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, yayyena, ƙannena, da 'ya'yana 'yan mata da ke can baya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafi. Da aka ce in zo in yi magana a kan karatun 'ya mace sai da na kwana biyu ina juya abin a raina, don misalin da nake da shi a hannu guda ɗaya ne, kuma 'yar fari ce. Kun dai san mu da 'yar fari. Tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, "ke" nake cewa ko "yarinyar nan", in ta zo na ɗaya a aji in karɓi takardar in tura ƙarƙashin filo in ce je ki wanke kwanuka. Haka aka yi mana, haka muka tashi muka yi. To yau kam zan ɗan ajiye kawaicin nan, ku yi min uzuri. Yarinyar nan ta gama karatun dakta a fannin fisiyo, ta yi rantsuwa, kuma wallahi ina alfahari da ita, alfaharin da ban san ina da shi a ƙirjina ba.

Bari in fara da fisiyon kansa, don ni ma da farko ban gane shi ba. Mu nan gashi muke ce masa, a ce an tura wane gashi, ko an kai shi wajen masu gashin ƙashi. Da sunanta ya fito a wannan kwas ɗin ba irin maganar da ban ji ba. Wata a dangin babanta ta ce yanzu duk ƙoƙarin yarinyar nan tausa za ta je ta koyo a jami'a? Wata ta ce ai mai ɗori na unguwarmu ko aji ɗaya bai yi ba kuma ga shi yana aiki. Wasu kuma lissafin shekaru suka kama yi min, shekara 6 fa, kafin ta gama sa'o'inta suna da 'ya'ya uku uku. Shidan ma ba ta tsaya a shida ba, korona ta zo a 2020 ga yajin aikin jami'o'i a wannan shekarar, aka sake wani na wata 8 a 2022, tana zaune a gida tana maimaita littattafai ana wucewa ana yada min magana.

Abin da na fahimta daga baya shi ne karatun ba wasa ba ne. Jikin ɗan Adam suke bi gaɓa gaɓa, kowane ƙashi da sunansa, kowace jijiya da inda ta taso da inda ta nufa, har gawa suna koyo a kanta kamar ɗaliban likitanci, ranar farko da ta dawo daga wannan ɗakin ko tuwo ba ta iya ci ba. Daga nan sai zagayen asibiti, ɗakin masu karaya, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, har ɗakin da ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Da can digirin shekara 5 ake yi, yanzu wasu jami'o'in sun koma na dakta mai shekara 6. Kar ku haɗa shi da daktan bincike na malaman jami'a, kar kuma ku haɗa shi da likitan da ke yin tiyata, kowa da layinsa. Bayan rantsuwa akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, kuma akwai hukumar da ke ba su lasisi wadda aka kafa tun 1988. Sana'ar ma ba sabuwa ba ce, tun 1945 ta shigo ƙasar nan ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinta a 1966, mu nan Kano kuwa daga asibitin ƙashi na Dala makarantar ta faro kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Mu ne dai ba mu kai 'ya'yanmu mata da wuri ba.

Ni ba wannan tarihin ne ya canja min tunani ba, mahaifiyata ce. Yarinyar nan tana aji biyar a jami'a, Hajiya, wato mahaifiyar tawa, ta faɗi a bakin rijiya bayan sallar asuba, hawan jini, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta lauye. Aka yi kwanaki a asibiti aka ce a fara mata gashi, sai ga shi namiji ne zai yi. Hajiya da ko likita sai an yi da gaske take bari ya gwada jininta, ta juya fuskarta bango, da hannun hagu ta ja mayafi ta rufe ƙafarta, hawaye na bin gefen idonta. Mutumin kirki ne wallahi, ya yi lallashin duniya, ta ƙi. Ƙarshe shi ne ya ce tunda jikarta ɗaliba ce, zai dinga tsayawa yana faɗa ita tana yi, in an koma gida ta ci gaba kamar yadda ya tsara.

A nan na ga 'yata da idona. Ranar farko a gida na kama hannun Hajiya mai ciwon zan ja ta ta tashi zaune, sai ta riƙe ni da sauri ta ce Umma dan Allah kar ki ja ta nan, kafaɗar ta saki, za ta iya gocewa. Ta naɗe tawul ta tallafe hannun, ta jera filo, ta rubuta a jikin kwali ta manna a bango cewa duk awa biyu a juya ta don kar gyambon kwanciya ya kama ta. Kullum da yamma ta dawo a gajiye, ko hijabi ba ta cirewa sai ta durƙusa gaban gadon ta kama yatsun nan ɗaya bayan ɗaya tana miƙarwa tana lanƙwasawa. Da abin ya ɗan yi dama ta zuba wake a faranti ta ce Hajiya ki tsinto min guda ɗaya ki sa a kofi. Wake ɗaya fa! Sai da aka yi kusan sati uku ana fama, yatsu su je su taɓa su kasa kamawa, Hajiya ta yi fushi ta ture farantin, ita kuma ta bi ƙasa ta tsince ta dawo da shi tana cewa haba kishiyata, ai ba zan bar miki Alhaji ba sai kin tsinci waken nan. Ranar da ƙwayar nan ta faɗa cikin kofi na ji ƙararta daga bakin ƙofa, na shige ɗaki na yi kukana. Bayan wata biyu ta koma jan carbi da hannun damanta.

'Yan uwana, masu irin halin Hajiya sun fi a ƙirga. Akwai matar da ta sha doguwar naƙuda ta tashi tana jan ƙafa, akwai mai yoyon fitsari da ke buƙatar motsa jiki bayan an yi mata aiki, akwai jaririn da hannunsa ya saki wajen haihuwa, da wanda shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ya shekara biyu bai zauna ba, da yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu a kemis ta taɓa jijiya. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, alhamdulillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Yawancin masu ɗawainiyar nan mata ne, kuma akwai abin da mace ba za ta buɗe baki ta faɗa wa namiji ba ko da zai kashe ta. Muna cewa ba ma son namiji ya taɓa matanmu, gaskiya ne, to wa zai taɓa su in mun hana 'yan matan karatu? Kuma dan Allah in kuka ga baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, a yi addu'a a hanya, gashi kuma a fara da wuri don watannin farko su ne jiki ya fi karɓa. Ku 'yan mata da ke baya, mai sha'awa ta riƙe fiziks da kemistiri da bayoloji da Turanci da kyau, su za ki rubuta a JAMB.

Ranar rantsuwa mun tafi da Hajiya, ita ta dage. Muka zaunar da ita a kujerar gefe da sandarta, ni kuma na lafe a bayan ƙanwata na ja mayafi, ina ta faɗa wa kaina kar ki yi abin da za a ce ba ki da ta ido. Aka fara kiran sunaye, da aka zo kanta ƙanwata ta rangaɗa guɗa, na juya in ga ko Hajiya ta ji, sai na ga ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafunta baya, ta sunkuyo gaba, daidai yadda aka koya mata sau ɗari a tsakar gida, ta miƙe tsaye ba wanda ya kama ta. Tana tsaye har jikarta ta sauko.

Da daddare bayan mutane sun watse yarinyar nan ta shigo ɗakina ta ajiye min takardar a kan cinya, ta durƙusa ta ce Umma ga shi. Hannuna ya nufi filo kamar yadda ya saba, sai na tsaya. Na kira sunanta, sunanta na yanka, na ce Allah ya yi miki albarka, kin faranta min. Ta ɗago ta kalle ni kamar ba ta ji daidai ba, sai da na sake faɗa.