Kuskure da Ganganci a Tseren Formula 1: Laccar da Aka Gabatar Gaban Direbobi da Kanikawa a Garwa

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, barkanku da yamma. Ku na baya, in ba ku ji ku ɗaga hannu. Yara, ku matso da bencin nan inuwa, ranar Garwa ba ta san babba ba.

An ce in yi magana kan tseren motoci na Formula 1, wanda wasunku ke kallo ranar Lahadi da sharhin Faransanci. Abu huɗu na shirya: kuskuren direba, karon ganganci, laifin kamfani, sai hukuncin alƙalai. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Na farko, kuskure. Wannan kowa na yi. A 2007 Lewis Hamilton yana ɗan shekara 22, shekararsa ta farko ke nan, ya je ƙasar Sin da ratar maki 12, saura tsere biyu a gama. Tayarsa ta baya ta cinye har zare ya fito, mutanensa suka bar shi a kan hanya suna jiran su ga yadda ruwan sama zai yi. Da aka kira shi ya shigo canji, a ƴar kwanar shiga gareji, inda ba a ma gudu, motar ta zame ta shige tsakuwa ta kafe. Ƙarshen shekara Kimi Räikkönen ya ɗauki kambun da maki 110, Hamilton na da 109. Maki ɗaya! Ku masu cewa tayar nan za ta ƙara kai mu Marwa ta dawo, kun ji. Haka Sebastian Vettel a 2018, a ƙasarsu Jamus, yana kan gaba shi kaɗai, yayyafi ya sauko, ya taka birki ya makara kaɗan, ya tafi salin-alin ya daki shinge. Ya shiga tseren yana gaban Hamilton da maki 8, ya fita yana bayansa da 17. Ba wanda ya taɓa shi. Irin wannan ba na jin haushinsa, tausayi yake ba ni.

To na biyu, nan nake so ku ba ni kunnuwanku.

Suzuka, ƙasar Japan, 1989. Alain Prost Bafaranshe da Ayrton Senna ɗan Barazil, kamfani ɗaya suke yi wa tuƙi, McLaren, amma ko gaisawa ba sa yi. Prost na gaba da maki, dole Senna ya ci tseren in yana so lissafinsa ya rayu. Ana dab da gamawa Senna ya kutsa ta ciki a wata matsattsiyar kwana mai lanƙwasa biyu. Prost ya karya sitiyari ya rufe ƙofa. Motocin suka sarƙe suka tsaya kamar raguna biyu da ƙahonsu ya harɗe. Prost ya kwance bel ya fita. Senna ya yafito ma'aikatan hanya suka tura shi, mota ta tashi, ya bi ta hanyar kauce wa haɗari ya koma, ya canza hancin motar, ya kamo Alessandro Nannini ya wuce shi, ya zo na ɗaya. Sai alƙalai suka ce ya yanke kwana, suka soke nasarar. Prost ya zama zakara. Shugaban hukumar tseren a lokacin, Jean-Marie Balestre, shi ma Bafaranshe ne, kuma Senna bai taɓa yarda cewa an yi masa adalci ba.

Shekara ta zagayo, 1990, wuri ɗaya. Prost ya koma Ferrari. Yanzu Senna ne a gaba, in duka biyun suka kasa gamawa shi ne zakara. Ya fi kowa gudu a gwaji, amma aka ajiye shi a gefen hanya mai ƙura, inda taya ba ta kamawa. Ya nemi a canza, aka ƙi. Aka tashi, Prost ya riga shi, kwanar farko Senna bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Ya dake shi ta baya, su biyun suka tafi cikin tsakuwa, ƙura ta turnuƙe. Ko minti ɗaya ba a yi da farawa ba an gama gasar shekara. Bayan shekara guda shi da bakinsa ya amsa cewa da niyya ya ƙi kaucewa.

Ni masoyin Senna ne, ba na ɓoyewa. Ranar 1 ga Mayu 1994 da ya rasu a tseren Imola ta Italiya ban iya cin tuwo ba. Amma abin da ya yi a Suzuka zalunci ne. An cuce shi bara, haka ne, sai dai akwai motoci fiye da ashirin a bayansu, cike da mai, kowane direba da uwarsa. Su me suka yi masa?

Ku riƙe wannan, mu je Adelaide, Ostareliya, ƙarshen 1994. Wannan ita ce wadda ba na gajiya da ita. Michael Schumacher na da maki 92, Damon Hill na da 91. Tseren ƙarshe. Schumacher a gaba, Hill na shaƙar hayaƙinsa, zagaye bayan zagaye, fiye da talatin. Sai Schumacher ya yi kuskure. Kuskure na gaskiya, irin na Vettel: ya shiga kwana ta hagu, motar ta ƙwace masa, ta fita ta goga bango. Ya jawo ta ya dawo kan kwalta. Hill ya ɓullo daga kwana, bai ga dukan bangon ba, abin da ya gani kawai shi ne abokin hamayya na tangal-tangal kuma ga ƙofa a buɗe ta dama. Ya zura kai. Schumacher ya karyo sitiyari ya faɗa masa. Motar Schumacher, ta kamfanin Benetton, ta ɗaga kan taya biyu ta tafi cikin tarin tayoyin shinge. Hill ya lallaɓa zuwa gareji, kanikawansa suka duƙa, suka ga ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta hagu ya lanƙwashe. Ku kanikawa kun san wannan kallon, lokacin da ka ɗago kai ka dubi mai mota ba ka ce komai ba, shi kuma ya gane. Hill na zaune cikin mota da hularsa, ba abin da za a yi. Schumacher ya zama zakara da maki ɗaya. Alƙalai suka ce tsautsayin tsere ne.

Yanzu ku lura. Tsakanin dukan bango da dukan Hill, daƙiƙu ne ƴan kaɗan. Na farko tsautsayi, ba ya wuce ranarsa. Na biyun fa? A cikin waɗannan daƙiƙu mutum yake yanke shawara: in haɗiye kuskurena, ko in sa wani ya biya mini? Nan ake sanin direba. Ba a gudu ake saninsa ba, gudu kowane yaro mai zafin jini ya iya. A daƙiƙun da ke bayan kuskure ake saninsa. Zan maimaita saboda na baya: a bayan kuskure.

Bari in ba ku nawa. Shekarun baya ina saukowa daga Ngaundere da babbar mota, a gangaren dutsen nan da duk kuka sani, inda birki ke ɗaukar zafi har ka ji ƙaurinsa a hanci. Wata bas ta fito za ta wuce ni a kwana, ga tirela na hawowa. Direban ya ga ya yi kuskure, na ga fuskarsa ta madubi. Yana da zaɓi: ya taka birki ya koma bayana, fasinja su yi masa tsiya, ko ya matse ni. Ya matse ni. Tayata ta dama ta sauka daga kwalta, ina jin tsakuwa na gangarawa rami, yaron motata na ta salati. Allah ya tsare. Da muka haɗu a gaba ya ce mini ai ba shi da yadda zai yi. Yana da shi! Kunyar komawa baya ce ta fi masa ran mutum talatin nauyi. Ku masu babur a gadar Binuwai da safe, ku ma kun san abin da nake faɗa. Ƴan'uwanmu Fulani na cewa seese seese, a hankali a hankali, amma wa ke ji?

Wani zai ce ai ban shiga zuciyar Schumacher ba. Gaskiya ne, har yau ana gardama kan Adelaide, kuma mutumin gwani ne, kambu bakwai ba wasa ba. To amma ku zo 1997, Jerez, ƙasar Sifen. Lissafi iri ɗaya: tseren ƙarshe, Schumacher, yanzu a Ferrari, yana gaban Jacques Villeneuve da maki ɗaya. Zagaye na 48 Villeneuve ya kutsa ta ciki. Hoton cikin mota ya nuna hannun Schumacher ya fara kaucewa, sai ya dawo da sitiyari kan Villeneuve. Wannan karon shi kaɗai ya faɗa tsakuwa, Villeneuve ya lallaɓa ya zo na uku ya ɗauki kambu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta cire sunan Schumacher daga jerin gasar shekarar baki ɗaya. Ni a ganina da an yi wannan hukunci tun 1990, da ba a kai ga Adelaide ba. Yaro na kallon abin da aka ƙyale babba ya yi.

Ina muke? Na huɗu, hukunci, na riga na taɓa shi, to saura na uku, laifin kamfani, da sauri don na ga mai shayi ya fara harhaɗa kofuna. Singafo, 2008: kamfanin Renault ya sa direbansa Nelson Piquet ƙarami ya daki bango da gangan, don motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ta fito abokinsa Fernando Alonso ya amfana. Alonso ya ci. Sai a 2009 asiri ya tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A sa ɗan mutum ya daki siminti saboda kofi!

Sai 2021, wadda ku matasa kuka gani da idonku. Hamilton da Max Verstappen sun yi karo a Silverstone ta Ingila, Verstappen ya tafi asibiti. Sun sake a Monza ta Italiya, motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, ƙarfen kariyar da ke saman kai ne ya tare taya. Suka iso tseren ƙarshe a Abu Dhabi kunnen doki, 369.5 kowanne. Can kuma kuskuren na mai kula da tsere ne, Michael Masi: motar tsaro ta fito dab da ƙarshe, ya bar motoci biyar kawai da ke tsakanin su biyun suka wuce, ya janye motar tsaro da wuri, aka yi zagaye ɗaya Verstappen da sabuwar taya, Hamilton da tsohuwa, Verstappen ya wuce shi ya ɗauki kambun. Daga baya aka sauke Masi daga muƙamin. Na ga hannu a can. Ɗana, tashi ka faɗa da ƙarfi.

(Wani matashi ya ce: Baba, mu fa kullum kallo muke yi. An taɓa yin wannan tsere a Afirka kuwa?)

Madalla da wannan tambaya, Allah ya yi maka albarka. An yi. Afirka ta Kudu ta daɗe tana karɓa a Kyalami, na ƙarshe a 1993, kuma ɗan ƙasar, Jody Scheckter, ya ci kambu da Ferrari a 1979. Amma ka tuna mini da abin da ya fi wannan. A 1958 a Kasabalanka ta Maroko aka yanke gasar duniya, tsakanin Turawan Ingila biyu, Stirling Moss da Mike Hawthorn.

Kafin nan, a tseren Fotugal, motar Hawthorn ta juya ta mutu. Ya tayar da ita ta hanyar gangarawa ta fuskar da ba a bi, ya gama na biyu. Alƙalai suka zauna za su soke shi. Wa ya je ya tsaya masa? Moss, wanda ya ci tseren, wanda suke neman kambu ɗaya. Ya shaida musu cewa ya gani da idonsa, Hawthorn a gefen hanya yake lokacin, ba kan hanyar tsere ba. Aka bar wa Hawthorn makinsa. Da Moss ya yi shiru, shiru kawai, ba ƙarya ba, da shi ne zakara.

Aka zo Kasabalanka a watan Oktoba. Moss ya yi duk abin da ɗan Adam zai iya, ya zo na ɗaya, ya kuma fi kowa saurin zagaye. Hawthorn ya zo na biyu. Aka tara: Hawthorn 42, Moss 41. Moss ya ci tsere huɗu a shekarar, Hawthorn ɗaya tak. A wannan tseren ne kuma abokin tuƙin Moss, Stuart Lewis-Evans, ya ƙone, ya rasu bayan ƴan kwanaki. Hawthorn ya ajiye tsere da kambunsa, bayan wata uku, Janairun 1959, ya mutu a haɗarin mota kan titin gari a Ingila, titi irin wanda ni da ku muke bi. Moss kuwa sau huɗu a jere yana zuwa na biyu, bai taɓa ɗaukar kambun ba, ya rayu har 2020, ya rasu yana da shekara 90.

An kira salla ko? To mu tashi. Ɗana mai tambaya, ka same ni bayan magariba, akwai hoton motar Moss a wayata, Vanwall ce koriya, injinta a gaba yake, zan nuna maka.