Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni a Ziyararsa ta Jami'ar San Francisco

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, 'yan tawagarsa, malaman wannan jami'a da suka ba mu masauki, iyayenmu da 'yan'uwa. A madadin Hausawa mazauna San Francisco da kewaye, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Tafiya ce mai nisa, Allah ya huce gajiya.

Ranka ya daɗe, da muka ji cewa harkar wasannin makarantu ce ta kawo ka Amurka, sai muka roƙa a tarbe ka a nan. Akwai jami'o'in da suka fi wannan filaye da kofuna, amma wannan tana da labarin shekarar 1951, kuma muna so ka ji shi.

Wasan da nake nufi shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ƙirji ana gudu ana ture juna, ƙwallon kanta mai siffar gwanda. Ƙungiyar jami'ar, Dons, ƙarƙashin koci Joe Kuharich, ta buga wasa 9 a kakar ta cinye duka, ko canjaras babu. Ollie Matson shi kaɗai ya ci yadi 1,566 da ƙwallo a hannu, ya fi kowane ɗan wasan jami'a a ƙasar. Wasan ƙarshe sun lallasa Loyola 20 da 2.

A al'ada, ƙungiyar da ta yi irin wannan bajinta akan gayyace ta ɗaya daga manyan wasannin ƙarshen kaka, inda kuɗi yake. Yawancinsu kuwa a jihohin kudu ake yin su, inda wariyar launin fata take doka a lokacin. Dons na da baƙaƙen fata biyu, Matson da Burl Toler. Ta bakin 'yan wasan, saƙo ya iso musu cewa za a kira su ɗaya daga cikin wasannin, Orange Bowl a Miami, idan sun bar waɗannan biyun a gida. Samari ne, yawancinsu farar fata, suka ce ko a tafi tare ko a fasa. Ba a gayyace su ba, masu shirya wasan kuma sun ce wai ƙungiyoyin da Dons ta kara da su ne ba su da ƙarfi. Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba.

Abin bai zo musu da sauƙi ba. Dama asusun ƙungiyar ya rame tun da ƙungiyar ƙwararru ta wannan birni, 49ers, ta fara janye 'yan kallo a filin Kezar a 1946. Da kuɗin Miami bai shigo ba, jami'a ta rufe ƙungiyar kafin shekarar 1951 ta fita.

Yaran kuma suka watse, wasunsu suka yi suna. Matson ya tafi Helsinki a 1952 ya ciyo wa Amurka lambar tagulla da ta azurfa a tseren Olamfik. Shi da Gino Marchetti da Bob St. Clair duk sun shiga zauren gwarzayen wasan. Toler ne ya fi taɓa mini zuciya: ya ji rauni a gwiwa kafin ya fara wasan ƙwararru, sai ya koma aji yana koyarwa a wannan birni har ya zama shugaban makaranta, a 1965 kuma ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka. Matashin da ke rubuta wa ƙungiyar sanarwa ga 'yan jarida, Pete Rozelle, shi ya shugabanci NFL ɗin daga 1960.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kai ka Kezar, a gefen lambun Golden Gate. An rushe tsohon filin a 1989 aka gina ƙarami a gurbinsa, yanzu yaran makarantun sakandare na wasa a ciki. Za ka gana da masu horar da su, ka tambaye su yadda suke haɗa wa yaro karatu da wasa.

Allah ya sa a gama ziyara lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Ranka ya daɗe, bismillah, ga abin magana.