Timișoara: birnin da yawan jama'arsa ke bin sawun tarihinsa

A yammacin ƙasar Romaniya, kusa da iyakokin Hungari da Sabiya, akwai birnin Timișoara, hedikwatar gundumar Timiș, wanda ke zaune a bakin kogin Bega.

Tun ƙarni na 13 aka fara ambatonsa a rubuce, a matsayin sansanin tsaro a ƙarƙashin masarautar Hungari. A shekarar 1552 Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba ta Sakkwato ba, ta ci garin da yaƙi, ta mai da shi cibiyar lardi mai masallatai da kasuwanni, ta kuma riƙe shi har tsawon shekara 164. A 1716 ne sojojin Ostiriya ƙarƙashin Yarima Eugene na Savoy suka ƙwace shi, kuma daga nan ne fuskar garin ta sauya baki ɗaya, domin sababbin masu mulkin sun janye ruwan fadamun da suka kewaye shi, suka rushe mafi yawan gine-ginen Turkawa, sannan suka kawo Jamusawa manoma da masu sana'a suka zaunar da su. A 1884 aka haska titunansa da wutar lantarki, abin da mutanen garin ke tinƙaho da shi har yau.

Ƙidayar 1910 ta nuna mutum dubu 72 da 'yan kai, Jamusawa ne suka fi yawa, sai 'yan Hungari, yayin da 'yan ƙabilar Romaniya suke wajen kashi ɗaya cikin goma kacal. Sai dai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, birnin ya koma hannun Romaniya. A zamanin mulkin kwaminisanci masana'antu suka jawo dubban ma'aikata daga ƙauyuka da sauran sassan ƙasar, Yahudawa da dama suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, Jamusawa kuwa suka riƙa tafiya Jamus ta Yamma, wadda take biyan gwamnatin shugaban Romaniya na lokacin, Nicolae Ceaușescu, kuɗi a kan kowane mutum da aka bari ya fita.

A Timișoara ne kuma aka kunna wutar juyin juya halin da ya kawo ƙarshen mulkin Ceaușescu, lokacin da jama'a suka taru a tsakiyar Disambar 1989 domin hana korar wani limamin coci ɗan ƙabilar Hungari, László Tőkés.

A 1992 mazauna birnin sun haura dubu 334, amma ƙidayar 2021 ta sauko zuwa kusan dubu 251. Kada a ɗauka garin ne yake mutuwa. Wasu sun tafi cirani Yammacin Turai, haihuwa ma ta ragu, amma iyalai masu yawa ƙaura kawai suka yi zuwa garuruwan gefe irin su Giroc da Dumbrăvița, inda ake ƙirga su daban, alhali kullum safiya cikin Timișoara suke shigowa aiki.