Sharhi: Sharar Gidajenmu da Lambunan Bakin Dilimi

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan shara ne, wadda ke fita daga gidajenmu a nan Jos, da kuma inda take dosa bayan an miƙa wa yaro bokiti an ce ya kai bola.

Yawancinmu, da yaro ya dawo da bokiti wayam, shi ke nan magana ta ƙare. Amma wanda ya san lambunan bakin kogin Dilimi, da waɗanda ake yi a gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari, ya san shara ba ta tsayawa a bola. Shekara da shekaru manoman rani na Jos suna ɗibar tokar bola, wasu ma da kuɗinsu suke saya a kawo musu a tifa, su baza a gona. Suna da dalili. Ƙasar da aka tone aka birkice lokacin kuza ba ta da ƙarfi, ga tsami, toka kuwa tana kashe tsamin ƙasa. Buhun takin zamani kuma kowa ya san inda farashinsa ya kai. Saboda haka wani kaso na kabeji da latas da karas da ake lodawa a kasuwar Farin Gada, a kai Abuja da Kudu, ko mu saya mu yi kwaɗo a gida, da sharar gari aka ciyar da shi.

Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin kakanni jakuna ke fita daga birnin Kano da mangala cike da taki zuwa gonakin ƙauyukan kewaye, su dawo da itace da hatsi. Sai dai sharar wancan lokacin toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ganyen da aka ƙulla ƙosai a ciki, duk abin da ƙasa ke iya cinyewa. Ta yau kuwa, a leƙa bokiti guda a Gangare ko Unguwar Rogo a gani. Ɓawon dankali yana ciki, ledar fiya wata tana ciki, ga famfas na jariri, ga mataccen batirin tocila, ga fasasshen ƙwan lantarki, ga reza, wani lokaci har da allurar da aka yi wa mara lafiya a gida. Duka a haɗe, an zuba ruwan wanke-wanke a kai. A bola kuma sai a cinna wuta. Hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yaran unguwa, abin da bai ƙone ba ya saura a cikin toka, tokar ta tafi lambu.

A nan ne hankalina ya fi tashi. Wuta tana cin leda da takarda, amma ba ta cin ƙarfe mai guba. Dalmar da ke cikin batirin mota da na sola, da sinadarin makuri da ke cikin dogayen ƙwayayen lantarki da waɗanda ake kira masu tsimin wuta, ba sa ruɓewa su zama taki. Wani ya bi iska, wani ya zauna a ƙasa, wani ya bi ruwa. Ganyaye irin latas da alayyafo suna iya zuƙar wani abu daga ciki. Wanda ke shakkar abin da dalma ke yi wa jikin yaro ya tuna Zamfara a shekarar 2010, inda ɗaruruwan ƙananan yara suka rasu. Can haƙar zinari ce ta jawo, ba bola ba, kuma ba cewa nake yi namu ya kai nasu ba. Amma gubar ɗaya ce, kuma ba ta da ɗanɗano a miya. Manomin da ya sayi tokar bai saka batir a ciki ba. Mu muka saka, tun daga tsakar gida.

Shi ya sa nake ganin gyaran a ƙofar ɗakin girki yake, ba a bola ba. Kada a haɗa jiƙaƙƙe da busasshe, abin da ke ruɓewa daban, wanda ba ya ruɓewa daban. Ba sai an sayo kwandunan shara masu launi-launi irin waɗanda ake nunawa a talabijin daga Jamus ba. Tsohon bokitin fenti mai murfi da buhun shinkafa da ya ƙare sun isa.

Abin da ke shiga bokitin mai murfi shi ne ɓawon dankali da doya da ayaba, ganyen kabeji na waje, ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, da makamantansu. Mai awaki ko kaji ya riga ya san inda rabin wannan zai tafi. Sauran kuma shi ne takin gargajiya. A haƙa rami a lungun gida, ko a samu tsohuwar durom a huda mata ƙofofi don iska. A zuba ɗanyen kaya, a rufe da busasshe, irin su ganyen bishiya, karan masara da aka daddatse, ko garin katako da ake samu a wajen masu yankan katako a kasuwar Katako. A bi da kashin kaji ko na awaki in akwai, da ɗan tokar murhu, ban da yawa. A yayyafa ruwa ya yi danshi, kada ya yi caɓi. Duk mako ɗaya ko biyu a juya shi da shebur. In an tura hannu tsakiya aka ji ɗumi, aiki na tafiya. In ya fara ɗoyi, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a ƙara busasshen ganye a juya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya koma ƙanshin ƙasa. Da hunturu, sanyin Jos kan ja masa lokaci, sai an yi haƙuri.

Amma don Allah, uwargida, nama da ƙashi da kifi da sauran miya mai maiƙo kada su shiga ramin nan, domin su ke kiran ɓera. Mu mutanen Jos bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani kan ɓera ba. A 1969, ma'aikaciyar jinyar da aka fara gane zazzaɓin Lassa a jikinta, daga garin Lassa na Borno aka kawo ta asibitin mishan a Jos, a nan ta rasu, kuma cutar ta kama wasu daga cikin waɗanda suka yi jinyarta. Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, a fitsarinsa da kashinsa. Abinci a buɗe a bayan gida gayyata ce gare shi.

Buhun nan kuwa na kayan da ke da kuɗi ne. Robar ruwa da ta lemo, gwangwanin madara da na tumatir, kwali, kwalba, tsohuwar tukunyar sanholo, guntun ƙarfe. Waɗannan duk suna da masu saye a kan sikeli, kuma mun san su: 'yan jari bola, waɗanda wasu ke kira baban bola. Ko an so ko an ƙi, su ne suka riƙe harkar sake sarrafa shara a ƙasar nan. Na san ƙorafin da ake yi a kansu, na satar murfin kwalbati da wayar wuta da tukunyar da aka bari a waje. A Abuja ma a farkon 2025 hukumomi sun hana su yawo a cikin birni saboda irin wannan zargi. Ɓarawo a hukunta shi. Amma yaron da ke cusa hannu babu safa cikin famfas da fasasshiyar kwalba don ya zaro gwangwani biyu, mu muka sa shi tonon. Da an ajiye masa kayan a bushe a buhu, da ya karɓa a ƙofar gida ya biya, ko a canza da bokiti ko kofi kamar yadda aka saba, ya wuce ba tare da ya watsa bola a kan titi ba. Kwali ma in ya jiƙe da miya ba mai saye.

Abin da ya rage bayan wannan ba shi da yawa, kuma shi ne ainihin abin da motar shara ya kamata ta ɗauka: famfas, audugar mata, leda mai datti. Reza da allura a jefa su cikin robar ruwa a murɗe murfi. Batiri da ƙwan lantarki a ware su, kada su ga wuta.

Leda ita ce ta fi ba da wahala, domin ba ta da nauyin da za ta yi kuɗi a sikeli, sai an tara buhu-buhu. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu kuwa har yanzu mai tumatir leda biyu yake saka maka, in ka ce ɗaya ta isa ya ɗauka fushi kake yi. Daga nan sai lambatu, daga lambatu sai rafi. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta ambaliyar watan Yulin 2012 ba, da rayuka da gidajen da ta ci. Ba shara kaɗai ta jawo ta ba, akwai ruwan sama mai ƙarfi da gine-gine a kan hanyar ruwa. Amma al'adar nan ta jiran hadari ya haɗu a fito da shara a zuba a kwata don ruwa ya tafi da ita, ba ta taimaki na ƙasa da mu ba.

Akwai tambayar da mai sauraro zai yi, kuma yana da gaskiya: in na raba, mota ta zo ta haɗe su wuri guda fa? Ko in motar ba ta ma shigowa lungunmu? Wannan kason na hukumar tsabtace muhalli ta jiha ne, PEPSA, da ƙananan hukumomi. Sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ba ta wadatar ba, in dai abin da aka kwaso daga lambatu zai zauna a bakin titi har ruwa ya mayar da shi. A sa rana sananniya ta zuwan mota a kowace unguwa. A ware wurin karɓar matattun batura a kasuwanni. Wurin farawa kuma a bayyane yake: kasuwar Farin Gada, inda kullum ake zubar da tulin ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir, kusan babu gauraye. A samu fili kusa, a haɗa ƙungiyar 'yan kasuwa da ta manoman lambu, a riƙa tara shi ana juyawa, a sayar wa manomi a buhu kan farashin da bai kai na tifar toka ba.