Fanel Mai Wat 400 A Kan Rufi: Wutar Da Yake Bayarwa Da Abin Da Ke Fara Lalacewa

Jama'a masu kallo, barkanku da wannan lokaci.

Ku juya bayan kowane fanel ɗin sola, za ku ga takarda a manne, an rubuta ƙarfinsa, misali wat 400. Lambar gaskiya ce, amma a ɗakin gwaji aka samo ta, inda ake haska masa haske mai ƙarfin wat 1000 a kowace murabba'in mita, zafinsa kuma digiri 25 cif. A kan rufi da wuya waɗannan biyun su haɗu.

Haske ne ke ba da wutar, zafi kuwa rage ta yake yi. Duk digiri ɗaya da fanel ya haura 25, yana asarar wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Da tsakar rana jikinsa kan kai digiri 60. Ku yi lissafin: ƙarin digiri 35 ke nan, asarar kusan kashi 12, mai 400 ya dawo wajen 350. Lafiyarsa ƙalau, haka halittarsa take. Shi ya sa mai haɗawa da ya san aikinsa yake barin tazara tsakanin fanel da rufi, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Idan aka haɗa da asarar waya da ta ƙura da ta inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, sola mai kyau yakan isar da kashi 75 zuwa 85 na abin da lissafi ya nuna.

To, yaya ƙarkonsa? A nan ne abin yake burge ni. A 2012 cibiyar binciken makamashi ta Amurka, NREL, ta tattara kusan ma'aunai 2000, ta gano cewa tsaka-tsakin raguwar ƙarfin fanel kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari a shekara. Wato bayan shekara 25 yana riƙe da wajen kashi 88. Kusa da birnin Lugano a Suwizalan an kafa sola mai kilowat 10 tun 1982. Da aka auna fanel ɗinsa bayan shekara 35, fiye da rabinsu suna ba da sama da kashi 80 na ƙarfinsu na farko.

Wanda ya fi kawo matsala shi ne inbata. Kullum cikin aiki yake, cikin zafi, kuma yawanci tsakanin shekara 10 zuwa 15 ake canza shi. Duk mai sayen sola ya saka wannan a lissafinsa tun ranar farko. Batir ma haka: na ruwa, idan ana zuƙe shi ƙasa da rabi kowane dare, ba ya daɗewa.

Sai ƙananan abubuwan da ake rainawa, waɗanda suka fi ba ni takaici saboda duk ana iya kauce musu. Ƙwayoyin cikin fanel, wato ƙananan gidajen da kuke gani a fuskarsa masu juya haske ya zama wuta, a jere suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, kamar ruwa a tiyo: ka taka wuri guda, ruwan duka ya ragu. Kashin tsuntsu da bai fi tafin hannu ba, ko inuwar reshe a kan ƙwaya ɗaya, na iya kashe kashi ɗaya cikin uku na fanel ɗin. Idan ya daɗe a haka, wurin ya yi ta zafi har ka ga tabon ƙuna a bayansa. Taka fanel da ƙafa lokacin wanki yana tsaga ƙwayoyin, tsagar da ido ba ya gani. Mahaɗar waya da ba a matse da kyau ba, ko aka haɗa ta wani kamfani da ta wani, tana zafi, robarta ta narke, har takan jawo gobara.

Saboda haka kada ku auna solarku da lambar wat da kuka hango sau ɗaya a fuskar inbata. Ku riƙa rubuta jimillar wutar da ya tara kowane wata, ku gwada da ta watan nan a bara. Idan ta faɗi da yawa lokaci guda, ku wanke fanel da sassafe kafin ya ɗau zafi, ku duba ko bishiya ta yi tsawo, sannan ku kira ƙwararre ya duba wayoyi da inbata.