Daga Birnin Damagaram Zuwa Jar Fadar Andalus

Assalamu alaikum, jama'ar Damagaram, na Birni da na Zango da na Garin Malam. Yau ina yi muku sallama ne daga birnin Giranada da ke kudancin ƙasar Sipaniya, a kan tudun da aka gina fadar Alhamra, sunan da ke nufin "ja" a harshen Larabci. Da sassafe na fito, domin tikitin shiga ɓangaren sarakuna yana ɗauke da sa'ar da mutum zai shiga, ana kuma duba fasfonsa, wanda ya makara kuwa ba ya tsallake ƙofa.

Kafin mu shiga, ina so ku dubi wannan ganuwa da kyau. Na ɗora hannuna a kanta, sai na ji abin da na sani tun ina yaro a lungunan Birni, wato ƙasa. Jar ƙasar wannan tudu aka kwaɓa da tsakuwa da farar ƙasa, aka daddaɓe ta tsakanin alluna har ta zama bango. Sarki Muhammadu ɗan al-Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasri, na ƙarshe cikin gidajen sarautar Musulmi a Andalus, wato yankin Sipaniya da Musulmi suka mulka, shi ne ya fara aikin a shekarar 1238, sama da shekara 600 kafin Sarki Tanimun ya kewaye birninmu da ganuwa. Daga waje babu wani ado, kamar yadda mai wucewa ba zai iya sanin abin da ke bayan zauren manyan gidajenmu ba.

Ga mu yanzu a ciki. Wannan dogon tafkin da kuke gani a tsakar gida yana ɗauke da inuwar hasumiyar da ke gabansa, kuma a cikin hasumiyar ne babban zauren da Sarki Yusufu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, yake karɓar jakadu. Bari in ɗaga kyamara sama. Rufin nan an haɗa shi ne da gutsattsarin katako fiye da 8,000, an tsara su hawa-hawa domin su kwatanta sammai bakwai, a ƙarƙashinsu kuma an sassaƙa Suratul Mulki, Tabarar nan da muka wanke a allo. Na daɗe a tsaye a nan. Baƙin da ke kewaye da ni suna ɗaukar hoton rubutun a matsayin zane mai kyau, ni kuwa bakina yana bin ayoyin ba tare da na shirya ba, kuma na yi wa malaminmu na makarantar allo addu'a, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk inda na juya akwai jimla guda da aka maimaita a jikin bango: "Wa la galiba illallah," babu mai rinjaye sai Allah. Ita ce taken wannan gidan sarauta.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne kayan aikin. Yawancin adon nan ba zinariya ba ne. Farin shafe ne da aka sassaƙa ko aka zuba a mazubi, da katako, da fale-falen yumɓu masu launi, sauran duk hannun gwani ne da haƙurinsa. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga maginin Damagaram yana fitar da dagi a fuskar gida tun shafen yana ɗanye, ko yana ɗaure azara ta zama bakan gizo a cikin soro, zai gane dangantakar ba sai an yi masa bayani ba. Ba tunanina ne kaɗai ya haɗa ƙasashen biyu ba: Abu Ishaƙa as-Sahili, wanda ya biyo Sarkin Mali Mansa Musa daga aikin hajji ya zauna a Tumbutu har ya rasu a can, ɗan wannan birni ne. Yana yi mini ciwo idan na tuna gidaje nawa masu irin wannan zane damina ta kayar a Birni, aka maye gurbinsu da bulo da kwano.

Nan kuma Farfajiyar Zakuna ce, aikin Sarki Muhammadu na Biyar. Zakuna 12 na farin dutse suna ɗauke da babban kwano, ginshiƙai 124 sun kewaye su, ruwa kuma yana bin ƙananan magudanai huɗu har cikin ɗakuna. Zan yi shiru kaɗan domin ku ji ƙararsa. Mutumin da ya tashi a garin da ake jiran famfo har tsakar dare, ana sauraren kurar ɗan ga-ruwa, ba zai ji wannan sauti kamar yadda sauran mutane ke jinsa ba. Ruwan daga kogin Daro yake zuwa, an tare shi can sama cikin duwatsu, an janyo shi ta magudana mai tsawon kusan kilomita 6, kuma a zamanin sarakunan gangara ce kawai take kawo shi, babu inji ko ɗaya.

A ranar 2 ga Janairun 1492 Sarki Abu Abdullahi, na ƙarshe a gidan, ya miƙa birnin ga Fardinan da Isabela, sarakunan Kirista na Sipaniya. Daga baya jikansu ya gina tasa fadar ta dutse a tsakiyar wurin, ga ta can, amma ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Zan bi wannan hanya in hau zuwa lambunan da sarakuna ke hutawa a lokacin zafi, domin in nuna muku inda magudanar take shigowa.