Amsoshin Tambayoyinku: Ana cire mana kuɗin ƙungiya, ina kujerarmu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan mako kusan duk na malaman makaranta ne, har na ce ko an ba da hutu ne ban ji ba. Tare da ni akwai Baba Malam, wanda ya tsufa yana riƙe da alli, ya kuma taɓa shugabantar reshen ƙungiyar malamai. Baba, sannu da zuwa.

Baba Malam: Yawwa ɗiyata, sannu da aiki.

Wani malami daga Gwadabawa na tambaya yaushe aka kafa NUT, wato ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. A Legas ne, cikin watan Yulin 1931, shugabanta na farko kuma Rabaran Ransome-Kuti. Malam, da ka tambayi hedimastanka da ka huta da kuɗin kati.

Wani daga Boɗinga, mai koyarwa a makarantar kuɗi, ya ce shi ma yana da damar shiga ƙungiya? Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ma'aikaci wannan dama. Sai dai kada ka tunkari mai makaranta kai kaɗai, ku haɗu tukuna.

Na Illela kuwa maganar ritaya ce. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ce shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Malaman jiha da na ƙananan hukumomi sai gwamnatinsu ta aiwatar, shi ya sa ƙungiya ke bin gwamnoni ɗaya bayan ɗaya.

To, ga wadda za mu ɗan zauna a kanta, don irinta ta zo daga Tambuwal, ta zo daga Wurno, ta zo daga Mabera nan cikin Sakkwato. Malamar Tambuwal ta ce: "Duk wata ana cire mini kuɗin ƙungiya daidai da na maza. Amma taro sai bayan La'asar, a kai har Magariba, ga goyo, ga tukunya a murhu. Kujera ɗaya aka bar mana, ta shugabar mata, ita ma ba a tunawa da ita sai ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai, in ana neman mai dafa shinkafa." Bari in maimaita: kuɗi daidai, kujera ɗaya, ita ma ta girki. Baba, me ka ce?

Baba Malam: Ai ɗiyata, wanga al'amari sai an koma baya. Malam Aminu Kano shi da abokanai sunka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ya ma koyar nan Maru, lokacin tana cikin lardin Sakkwato. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi. Sa'ad da munka fara aiki, keke munka hau, albashi kuwa a ambulan...

Baba, Allah ya ja kwana, Malama kujera take tambaya, ba keke ba.

Baba Malam: Ina zuwa can. Shugabanci daga reshen ƙaramar hukuma shike farawa. Nan aka zaɓen wakilai, su je jiha, daga jiha a tafi ƙasa. Ranar zaɓe sai ka ƙirga mata da yatsun hannu guda. Wanda bai zo ba, wa zai zaɓe shi?

Baba ya faɗi gaskiya, amma rabi. In ka sa taro lokacin da ka san mace ba za ta iya fitowa ba, kai ka rufe ƙofa, kada ka ce ba ta shigo ba. Kuma a garin Nana Asma'u muke wannan magana. Ita ce ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa neman karatu. Mata sun iya tsara kansu tun kafin a san wani abu wai shi ƙungiyar ƙwadago.

Ku ma malamai mata ba zan ƙyale ku ba. Biki ko suna ba ya wuce ku, adashe kuna riƙe shi ba a ɓatar da ko sisi, sai a ce ma'ajin reshe ya gagare ku? Malama, ki tara 'yan'uwanki ku rubuta wa sakataren reshe, ku sa hannu, ku nemi a mai da taro safiyar Asabar ko da an tashi makaranta. Ku karɓi kundin tsarin ƙungiya ku karanta sharuɗɗan takara. Ku tsayar da mace ma'aji ko sakatare, ba shugabar mata kawai ba. Na sake faɗa: ma'aji ko sakatare. Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Da wuya namiji ya tuna da wannan a gaban SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ƙarin girma ne a ransa.

Baba Malam: Amma a nemi iznin maigida.

A nema, Baba, shi ma ai yana cin albashin nan. Ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Malamin Yabo mai tambayar garatuti, ka yi haƙuri, takardarka na nan bisa tebur, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.